Daga Majalisar Landan Zuwa Ɗakin Haihuwa: Labarin Tallafin Ƙasashen Waje Da Lafiyar Iyayenmu Mata

 

Duk wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa ko yayarsa awon ciki a ƙaramin asibitin unguwa, wataƙila idonsa ya kai kan wasu kwalaye da ke jere a ɗakin magani. Wasu na ɗauke da hoton hannuwa biyu suna musabaha, an rubuta cewa kayan sun fito ne daga jama'ar Amurka. Wasu kuma da tutar Birtaniya, an rubuta cewa daga jama'ar Birtaniya suke. Yawancinmu mukan kalle su mu wuce. To a wannan makon mun ga ya dace mu bi sawun waɗannan kwalaye: wa ya biya kuɗinsu, me ya sa ya biya, kuma me ke faruwa a ranar da ya ce ya rage? Tambaya ce da ta shafi darasin Gwamnati da na Tattalin Arziki da na Lissafi, amma kafin nan ta shafi rayukan iyayenmu mata.

Mene ne tallafin ƙasashen waje?

Kamar yadda gwamnatinmu ke tsara kasafin kuɗi kowace shekara, haka gwamnatocin ƙasashe masu arziki ke yi. Daga harajin da 'yan ƙasarsu ke biya, sukan ware wani kaso domin ayyukan raya ƙasashe masu tasowa: lafiya, ilimi, ruwan sha, noma da agajin gaggawa. Wannan kuɗi bai cika shiga aljihun gwamnatin da ake taimaka wa kai tsaye ba. Mafi yawansa yakan bi ta hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su UNICEF mai kula da yara da UNFPA mai kula da yawan jama'a da lafiyar haihuwa, ko ta ƙungiyoyi masu zaman kansu, ko ta kamfanonin da aka bai wa kwangilar gudanar da shiri.

Ƙungiyar OECD da ke birnin Paris ita ce ke tattara lissafin. Ta ce a shekarar 2023 ƙasashen da ke bayar da tallafi sun kashe kimanin Dala biliyan 223. A 2024 kuma adadin ya sauka zuwa kimanin Dala biliyan 212. Kuɗi ne mai yawa a ido, amma idan aka auna shi da arzikin waɗannan ƙasashe, bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba.

Alƙawarin bakwai cikin dubu

A shekarar 1969 wani kwamiti a ƙarƙashin tsohon firaministan Kanada, Lester Pearson, ya ba da shawarar cewa kowace ƙasa mai arziki ta riƙa ware kashi 0.7 cikin 100 na abin da take samu a shekara domin tallafi. A 1970 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da shawarar. Mu sauƙaƙa lissafin: a cikin kowace Naira dubu ɗaya da ƙasa ta samu, ta cire Naira bakwai.

Sama da shekara 50 ke nan da wannan alƙawari, amma ƙasashen da suka cika shi ba su da yawa. A 2023 ƙasashe biyar ne kawai suka kai: Nowe, Luksambok, Suwidin, Jamus da Denmak. A 2023 ɗin Amurka ce ta fi kowa bayar da kuɗi idan aka ƙirga Dala da Dala, amma a ma'aunin arzikinta abin da ta bayar a wannan shekara bai wuce Naira biyu da 'yan kai cikin dubu ba.

Birtaniya ta kafa ma'aikata ta musamman domin wannan aiki a 1997, wato DFID, sunan da ma'aikatan lafiya da malaman makaranta a Arewa suka sani sarai. Ta kai matakin 0.7 a karon farko a 2013, sannan a 2015 majalisarta ta mayar da shi doka. A lokacin an ɗauka magana ta zauna.

Me ake nufi da lafiyar haihuwa?

Wasu da zarar sun ji an ce lafiyar haihuwa, sai hankalinsu ya tafi kan ƙayyade iyali kawai. Fagen ya fi haka faɗi. Ya haɗa da awon ciki, da samun ƙwararriyar ungozoma a lokacin naƙuda, da tiyata idan haihuwa ta zo da gardama, da kulawa bayan haihuwa, da maganin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, da hana jariri ɗaukar ƙanjamau daga uwa, da aikin yoyon fitsari, da kuma tazarar haihuwa ga ma'auratan da suke so.

A watan Satumban 1994 ƙasashe 179 suka hallara a birnin Alƙahira domin babban taro kan yawan jama'a da ci gaba. Matsayar da aka cim ma ita ce ma'aurata su ne ke da 'yancin yanke shawarar yawan 'ya'yansu da tazarar da ke tsakaninsu, ba tare da tilas ba, kuma kada a tallata zubar da ciki a matsayin hanyar tsara iyali. Batun tazara kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun daɗe suna gudun kwanika, suna so yaro ya sha nono ya ƙoshi, uwa ta huta kafin wani ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta ita ce a samu aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar sabon ciki.

Abubuwan da suka fi kashe mata a wurin haihuwa sanannu ne: zubar jini, jijjiga da hawan jini ke kawowa, doguwar naƙuda, da ƙwayoyin cuta. Magungunansu ma sanannu ne, kuma ba su da tsada can. Allurar oksitosin da ƙwayar misofrostol suna tsayar da jini. Maganisiyam salfet yana maganin jijjiga. Matsalar ita ce a same su a asibitin ƙauye a daren da ake bukatarsu, a samu firji da oksitosin zai zauna bai lalace ba, a samu wadda ta iya aiki da su.

Duk da haka, alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar sun nuna cewa a 2023 mata kimanin 260,000 suka rasu a duniya saboda ciki ko haihuwa. Kimanin 75,000 daga cikinsu 'yan Nijeriya ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Ku ɗauki biro ku raba 75,000 gida 365. Za ku samu kusan 205 a kowace rana, wato mace ɗaya a cikin kowane minti bakwai. Kafin a tashi daga darasi guda na minti 40, an rasa uwa biyar ko shida. Burin da duniya ta sa wa gaba shi ne kafin 2030 a rage mace-macen zuwa ƙasa da 70 a cikin kowace haihuwa 100,000. Namu adadin ya kusa 1,000.

Abin da kuɗin ya yi a jihohinmu

Domin kada maganar ta tsaya a lissafi, ga wasu ayyuka da kuɗin harajin Birtaniya ya ɗauki nauyi a Arewa.

Akwai shirin PRRINN-MNCH, wanda Birtaniya da Nowe suka haɗa hannu a kai, a jihohin Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara. Ɗaya daga cikin dabarunsa shi ne haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW, aka horar da direbobin haya su riƙa kai mai naƙuda asibiti cikin gaggawa, ko da tsakar dare ne. A ƙauyen da babu motar asibiti, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin jinkiri a hanya na daga cikin manyan abubuwan da ke jawo asarar rai.

Akwai shirin horar da mata ma'aikatan lafiya da aka fara a 2012 a Kano, Katsina, Jigawa, Yobe da Zamfara, daga baya aka ƙara Borno. An lura cewa a yawancin karkararmu mace ba ta sakewa idan namiji ne zai karɓi haihuwarta, wani mijin ma ba zai bari ta je ba. Sai aka ɓullo da ajin share fage, inda 'yan matan karkara da sakamakonsu bai cika ba za su gyara darussan kimiyya, su shiga makarantar ungozoma ko ta jinya, bisa sharaɗin su koma garuruwansu su yi aiki. Wataƙila ungozomar da ke asibitin garinku ta wannan hanya ta bi.

Akwai kuma kashi na uku na shirin ilimin 'ya'ya mata, wanda UNICEF ta gudanar da kuɗin Birtaniya daga 2012 zuwa 2022 a Bauchi, Kano, Katsina, Neja, Sakkwato da Zamfara. UNICEF ta ce ya taimaka wajen shigar da ƙarin 'yan mata miliyan 1.5 makaranta. Kada ku ga kamar wannan ya fita daga batunmu. Yarinyar da ta yi karatu ta fi sanin alamun haɗari a lokacin goyon ciki, ta fi zuwa awo, kuma daga cikin irinta ake samun likitoci.

Ranar da aka rage

A 2020 cutar korona ta girgiza tattalin arzikin duniya. A watan Satumba gwamnatin Boris Johnson ta narkar da DFID cikin ma'aikatar harkokin waje. A ranar 25 ga Nuwamba ministan kuɗi na lokacin, Rishi Sunak, ya shaida wa majalisa cewa za a sauko da tallafi daga kashi 0.7 zuwa 0.5, wai na ɗan lokaci. Daga Naira bakwai cikin dubu an koma biyar. A baki kamar ba wani abu ba ne, amma abin da aka kashe ya faɗo daga Fam biliyan 14.5 a 2020 zuwa Fam biliyan 11.4 a 2021.

A can ma ba a yi shiru ba. Wata ƙaramar minista, Baroness Sugg, ta ajiye aiki domin nuna rashin amincewa. Da aka kai maganar gaban majalisa a watan Yulin 2021, gwamnati ta yi nasara da ƙuri'a 333, masu adawa 298, kuma tsohuwar firaminista Theresa May na cikin 'yan jam'iyya mai mulki da suka ƙi goyon baya.

Ragin bai sauka a kan kowane shiri daidai wa daida ba. Asusun UNFPA da ke sayen kayan tazarar haihuwa da magungunan ceton masu haihuwa domin ƙasashe matalauta, har da Nijeriya da Nijar, yana sa ran Fam miliyan 154 daga Birtaniya a 2021. Sai aka ba shi kimanin Fam miliyan 23, ragin kashi 85 cikin 100. UNFPA ta ƙiyasta cewa kuɗin da aka janye da sun taimaka wajen hana mutuwar mata da yara kimanin 250,000.

Akwai kuma wani abin da ba kowa ya sani ba. Ƙa'idar OECD ta yarda ƙasa ta lissafa kuɗin da ta kashe wa masu neman mafaka a cikin gidanta, a shekararsu ta farko, a matsayin tallafi. A 2023 Birtaniya ta kashe Fam biliyan 4.3 ta wannan hanya, ciki har da kuɗin otal-otal, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk tallafin shekarar. A takarda kuɗin agajin waje ne, amma bai bar ƙasar ba.

Da jam'iyyar Leba ta karɓi mulki a 2024 wasu sun yi zaton za a koma kan 0.7. Sai ga shi a watan Fabrairun 2025 firaminista Keir Starmer ya sanar cewa za a ƙara ragewa zuwa kashi 0.3 daga 2027, domin a ƙara wa sojoji kuɗi. Ministar raya ƙasashe, Anneliese Dodds, ita ma ta yi murabus.

Amurka kuma fa?

Kafin 2025 Amurka ce ta fi kowace ƙasa zuba kuɗi a fannin tsara iyali da lafiyar haihuwa, kimanin Dala miliyan 600 a shekara, galibi ta hukumar USAID da Shugaba Kennedy ya kafa a 1961. Tun 1973 dokar ƙasar ta hana amfani da kuɗin tallafi wajen zubar da ciki a matsayin hanyar tsara iyali. A 1984 Shugaba Reagan ya ƙara wani sharaɗi da ake kira manufar birnin Meziko: duk ƙungiyar waje da ke aikin zubar da ciki ko ba da shawara a kansa, ko da da kuɗin wani ne, ba za ta samu wannan tallafi ba. Tun daga nan sharaɗin ke kai da komowa. Clinton ya soke a 1993, Bush ya dawo da shi a 2001, Obama ya soke a 2009, Trump ya dawo da shi a 2017, Biden ya soke a 2021, Trump ya sake dawo da shi a 2025. Mace a ƙauyen Afirka ba ta jefa ƙuri'a a zaɓen Amurka ba, amma sakamakon zaɓen yakan iske ta har asibiti.

A ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da tallafin waje na kwana 90. A watan Maris sakataren harkokin waje Marco Rubio ya ce an soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen USAID, a farkon Yuli kuma hukumar ta daina gudanar da ayyuka. A nan gida, Majalisar Tarayya ta ƙara kimanin Dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 domin rage giɓin.

Me kowane ɓangare ke cewa?

Masu goyon bayan ragi a can suna da hujjarsu. Suna cewa asibitocinsu ma cike suke da layi, bashi ya yi wa gwamnati yawa, ga barazanar yaƙi tun da Rasha ta shiga Yukren a 2022. Suna kuma tambaya: ƙasa mai man fetur kamar Nijeriya, me ya sa direban bas a Manchesta zai saya mata maganin haihuwa da harajinsa? Tambaya ce mai ɗaci, amma ba mu da damar kauce mata.

Masu adawa da ragi suna cewa kuɗin ƙalilan ne idan aka kwatanta da rayukan da yake ceta, a Amurka ma bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na kasafin tarayya ba. Suna tunatar da cewa cuta ba ta neman biza, kamar yadda Ebola ta sauka a Legas cikin jirgin sama a 2014. Suna ƙarawa da cewa ko da za a rage, sai a yi shi sannu a hankali, domin janyewa dare ɗaya tana barin asibiti ba magani, ma'aikaci ba albashi.

Akwai kuma 'yan Afirka da ke sukar tsarin gaba ɗaya. Masaniyar tattalin arziki 'yar Zambiya, Dambisa Moyo, ta wallafa littafin Dead Aid a 2009, inda ta ce tallafin da ake miƙa wa gwamnatoci yana koya musu zaman jira, yana kuma sa su fi jin tsoron mai ba da kuɗi a kan talakan da ya zaɓe su. Sannan ruwa ba ya tsami banza: ƙasashen da ke bayarwa suna neman kasuwa da ƙawaye da faɗa a ji, wani kaso na kuɗin kuma yakan koma gida a matsayin albashin ƙwararrunsu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin a ɓangarenmu ba sau ɗaya ba an ga kayan da aka rubuta kyauta ne a jikinsu suna kan teburin 'yan kasuwa.

A Arewa akwai ƙarin batu, wato zargi. Wasu na ganin duk abin da ya shafi haihuwa daga waje makirci ne na rage yawanmu. Irin wannan zargi ne ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, cutar kuma ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Abin da ya warware matsalar shi ne shigar sarakuna da malamai da likitocin gida, aka yi bayani da harshen da jama'a ke ji. Darasin shi ne shirin da jama'a ba su ɗauke shi nasu ba, ba ya daɗewa.

Ina namu alƙawarin?

Kafin mu ga laifin wanda ya saɓa alƙawarin bakwai cikin dubu, mu waiwayi namu. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Gwamnatin tarayya, mai masaukin taron, ba ta taɓa kai wa ba. Yawancin shekaru tana yawo ne tsakanin kashi 4 zuwa 6. Wasu jihohi irin su Kano da Kaduna da Bauchi sun kai kashi 15 a wasu shekarun, sai dai ware kuɗi a takarda daban, sakinsu daban.

Ba a rasa abin ƙarfafa gwiwa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci. A Nuwamban 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Ta fuskar ilimi kuma muna da abin nunawa. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororin wani bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2023. An gano cewa idan aka shimfiɗa wata leda mai ma'auni domin auna jinin da mai haihuwa ke zubarwa, aka kuma ba da magunguna tare nan take, munanan matsalolin zubar jini na raguwa da kashi 60 cikin 100. Wannan aikin 'yar Kano ce da abokan aikinta. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Aikin wannan mako

Ga 'yan ƙungiyar muhawara, ga maudu'i: ya dace ƙasa mai arziki ta rage tallafin lafiya domin ƙara kuɗin tsaro? Ku raba aji biyu, kowane ɓangare ya kawo hujja da alƙaluma.

Ga masu son lissafi: idan ƙasa na samun Fam tiriliyan 3 a shekara, nawa ne kashi 0.7, nawa ne kashi 0.3, kuma nawa ne bambancin?

Ga kowa da kowa: ku nemi kasafin jiharku na bana ku duba kashi nawa aka ware wa lafiya. Ku ziyarci ƙaramin asibitin unguwarku tare da malaminku, cikin ladabi ku tambayi mai kula da shi ungozoma nawa gare su, ko suna aikin dare, kuma daga ina magungunansu ke zuwa. A gida kuma, idan akwai mai juna biyu, ku tuna mata ranar awo, ku riƙe lambar direban da za a kira idan naƙuda ta taso da dare. 'Yan mata masu sha'awar kimiyya, ku riƙe Bayoloji da Kemistiri da kyau, domin asibitin garinku na jiran ungozoma 'yar gari.

Ku aiko mana da abin da kuka gano, tare da sunan makarantarku da ajinku. Za mu buga amsoshin da suka fi inganci a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Mu kwana nan.